Ranar da Kabad ɗin Papa Inasiyo Ya Yi Shiru

Bayan bikin cocinsu na shekara, Bonfin, ne kabad ɗin gidan Amparo ya daina buɗe kansa. Kafin mako ya zagayo, unguwar Aguda ta gama yanke cewa aikin Afiyabi ne.

Ni a Zangon garin Ajashe nake, can na tsufa. Da ƙuruciya na bi shanu daga arewa har bakin teku, kuma in an saci sa ni ake kira in bi sawu. Ban yi makaranta ba. Ƙasa nake dubawa.

Kowa a garin ya san kabad ɗin. Papa Inasiyo ne ya zo da shi a jirgin ruwa daga Barazil, zamanin da 'yantattun bayi suke dawowa gida, su ne ake ce wa Aguda. Ya mutu tun ba a haife ni ba. Kabad ɗin yana falon ƙasa, kusa da bangon yamma, cike da littattafansa. Kullum in rana ta karkata, ƙofar hagu takan yi wata 'yar ƙara ta buɗe, ba wanda ya taɓa ta. 'Yan gidan su ce Papa ya zo karatu. Yara su daina gudu. Da magariba maigida ya zo ya rufe.

Afiyabi 'yar masunta ce daga tsallaken ruwa. Ta auri autan gidan Amparo, ya mutu bara, ba su haihu ba. Kafar masara da soyayyen kifi take sayarwa a bakin Zango, kuma a wurinta nake karyawa shekara da shekaru. Ran nan ta zo ba tire a kanta.

“Ina kifin?” na ce.

“Baba Cindo, ran Lahadi za su fitar mini da kaya.”

“Me kika sata?”

“Wai Papa na kora.”

“Mataccen?”

“Shi. Wai wani abu na binne masa a bakin falo.”

“Ki koma gidanku mana.”

“Wane gida? Bukkar babana ruwa ya ci tun yana da rai. Kuma in aka kore ni da sunan mayya, wa zai ƙara sayen kifina? Kai ma sai ka yi tunani kafin ka ci.”

“Ni ba na tunani a kan kifi.”

Ba ta yi dariya ba. Na ɗauki hulata.

*

Mata na bakin famfo sa'ad da muka shiga unguwar. Suka yi shiru. Wata ta janye ɗanta daga hanyar Afiyabi. Wata ta tofa yawu a inda ta taka.

Tsofaffi biyu ke riƙe da gidan, jikokin Papa Inasiyo. Babbar ita ce Mama Benbinda, makauniya, tana kan kujera mai lilo a ƙofar falo. Ƙanenta Kaitano shi ne maigida, tsohon akawun kwastan, farar kwat ko da rana tsaka, da sanda mai ƙarfe a baki.

“Kai ne mai bin sawun shanu?” in ji tsohuwar.

“Ni ne, Iya.”

“Ka taɓa bin na matacce?”

“Ban taɓa ganin wanda ya bari ba.”

“To namu ya fita daga gidan nan. Tun ina rarrafe nake jin ƙarar ƙofar nan. Yanzu ko ƙamshinsa babu a ɗakin. Ka nemo mini ta inda ya bi, da wanda ya nuna masa hanya.”

Kaitano ya ce, “Yaya, wannan maganar gida ce.”

“Maganar gida ce ake wanke-wanke da ita a bakin famfo? Bar shi ya duba. In yarinyar ce, ina so in ji daga bakin wanda ba ruwansa da mu.”

Kaitano ya nuna mini gindin dakalin falo da sandarsa. An tona wurin. An ciro wani ƙunshin ganye, a ciki da taba da goro da kan kifi. Kusa da ramin akwai sawun mace, babban yatsa a ware irin na mutanen kwalekwale. Nata ne. Ban ɓoye ba, na faɗa.

“Ka gama ke nan,” in ji Kaitano.

“Ban fara ba.”

Na cire takalmi na shiga. Ɗakin da sanyi, da duhu-duhu, tagogi a rufe. Kabad ɗin ya fi ni tsawo, baƙi wuluk, ginshiƙansa biyu a murɗe kamar igiya. Gilashinsa tsoho ne, mai ƙuraje a ciki, in ka matsa sai fuskarka ta karye a jikinsa. Na ga tawa ta rabu biyu, na kau da kai.

Ƙafafunsa huɗu, kowace tana tsaye cikin ɗan kasko mai kananzir, don kada gara ta hau. Haka ake yi a duk tsofaffin gidajen Aguda. Na tambayi wa ke zubawa.

Tsohuwar ta amsa daga waje. “Maigida kaɗai. Tun daga Papa zuwa babanmu zuwa shi. Ba mai taɓa kabad ɗin nan sai shi.”

Na kwanta rubda ciki. A kewayen kasake biyu na gaba, daɓen ya yi ɗigo-ɗigo har nesa, tsohon tabo kan tsohon tabo. A na baya babu ɗigo ko ɗaya. Cike suke, amma a cikinsu akwai busasshen datti mai kauri da yanar gizo-gizo a nutse. An daɗe ba a zuba musu komai ba, sai kwanan nan.

Tsakanin kabad da bango akwai rata kamar faɗin tafi. Na leƙa. Wani jan tabo ya taso daga daɓe ya bi bango ya hau, daidai ƙafar baya. Hanyar gara ce, an kankare ta. Abin da aka kankare da shi yana barin layi biyu a jere.

Na sa bayan yatsa na ƙwanƙwasa gefen kabad ɗin a hankali. Ya amsa kamar dutse.

*

Na sami Afiyabi a bayan madafa.

“Kin yi mini ƙarya.”

“Ban ce ban binne ba. Na ce ban kore shi ba.”

“Yaushe?”

“Bayan ya yi shiru. Na ga Mama ta daina cin abinci. A wurinmu in babba ya yi fushi, taba ake kai masa da ɗan abin taɓawa a roƙe shi. Ni ban san me nasu yake so ba. Na ba shi abin da namu suke so.”

Ƙasar ramin ba ta gama bushewa ba. Maganarta ta yi daidai da ƙasa. Amma ƙasa ba ta zuwa taron Lahadi.

“Ran biki wa ya zauna a gida?”

“Ba kowa. Daga coci muka wuce filin biki, ana dodanni ana cin wake da nama har rana ta faɗi. Har Mama aka ɗauka a kujera. Baba Kaitano ne kawai, ya ce zazzaɓi.”

*

A bakin famfo wata mata ta raɗa mini wani suna. Rufino, ɗan wan Kaitano, malamin makaranta a Kwatano. Wai ya taɓa kawo Bature mai sayen tsofaffin kaya har cikin falo.

Na same shi a benen gidan yana goge takalmi. Bai musa ba.

“Na kawo shi, Baba. Ba don sayarwa ba. Ina so in san ko abin da ake gaya mana gaskiya ne, ko a nan Ajashe aka yi shi.”

“Da bambanci?”

Ya ajiye takalmin. Na ga irin mutumin da ya daɗe yana jiran a tambaye shi.

“Sosai. Da can littafi a akwati ake kwantar da shi, kamar yadda malamanku suke yi. A ƙasar Turai ma har sarƙa suke ɗaura masa a jikin kanta, saboda tsada. Sai daga baya aka tsayar da shi aka yi masa ƙofa. A garin nan iri huɗu ne. Akwai na ofis ɗin Faransawa, mai ragar ƙarfe. Akwai na Ingila da ake kawowa daga Ikko, akwati kan akwati, gilashin sama ake ɗagawa. Akwai waɗanda kafintocinmu suka kwaikwaya da itacen loko, da abarba sassaƙe a ka. Sai irin namu, na tsallaken teku. Baƙin itace, ba ƙusar ƙarfe ko ɗaya, da ƙusar itace aka haɗa. Bai fi uku suka rage ba.”

“Baturen ya ce naku na gaske ne?”

“Ya ce na gaske ne. Sai ya ƙwanƙwasa gefe, ya sake ƙwanƙwasawa, ya sa hularsa ya tafi. Ko tayi bai yi ba. Na ɗauka tsoron sandar Baffa ya ji.”

“Baffan naka yana wurin?”

“Yana tsaye a bayansa kamar ɗan doka.”

“Yaya ƙarar ta fito?”

Ya yi tunani. “Kamar ƙwarya.”

“Yaushe?”

“Da damina.”

Na miƙe. Ya ce, “Kai ma kana ganin Afiyabi, matar Baffa ƙarami, mayya ce?”

“Kai fa?”

“Ni na yi karatu, Baba. Ban yarda da waɗannan ba.” Ya dubi matakala. “Amma tunda ƙofar ta yi shiru ban iya wucewa ta falon ni kaɗai ba.”

*

Tsakar gidan ana share ta kullum, ba abin gani. Amma akwai lungu a baya, daga ƙofar baya zuwa falo, ta gefen rijiya. Ruwan guga yana jiƙa shi, rana ta gasa shi. Abin da aka taka a wurin yakan zauna.

Maza huɗu, ba takalmi. Sun shigo ta ƙofar baya da kaya mai nauyi, dugadugansu sun nutse. A cikin sawu ɗaya akwai dusar katako, ja-ja, ta loko.

Su huɗun sun sake fitowa daga falo da wani kayan. Tsawonsa ɗaya da na farko, don ratar da ke tsakanin na gaba da na baya ba ta canja ba. Amma wannan bai kai rabin nauyin wancan ba. Kuma ba su yi ƙofar waje da shi ba. Sun karkata hagu, taku gajere-gajere, ƙafa ɗaya lokaci ɗaya. Na san wannan tafiyar. Haka ake tafiya da gawa.

A bayansu akwai takalmi sau ciki da sanda. Bakin sandar a tsage yake, yana barin ɗigo biyu.

Sawun ya ƙare a ƙofar wani ɗaki mai kwaɗo a ƙarshen lungun. A nan suke binne manyansu, cikin gida. Na tsaya. Rana na dukan wuyana, amma iskar da ke fitowa ta ƙarƙashin ƙofar da sanyi take. Ban taɓa kwaɗon ba.

*

Kafinta ɗaya ne a Ajashe zai iya murɗa ginshiƙi haka. Dosu, sa'ana, wanda kakansa ya koyi aiki a hannun Aguda na farko. Na same shi yana wasa kurfinsa na sassaƙa.

“Baba Zango, saniya ce ta shigo shagona?”

“Kabad nake nema.”

“Kai da ko wasiƙa ba ka karantawa?”

“Goro zan zuba. Ina son irin na gidan Amparo.”

“Ba a yin irinsa yanzu.”

“Haka na gani. Wani ya gwada, ya rina loko ya yi baƙi, ya ciro tsohon gilashi ya liƙa. Yaro ne dai. Ƙofa ko buɗewa ba ta yi.”

Ya daina wasa kurfin.

“Ƙofar da ke buɗe kanta karkatacciya ce,” ya ce. “Itace ne ya tsufa ya bauɗe, rana ta dumama bango ya motsa. Wannan ba gwaninta ba ce, ciwo ne.”

“To ai da ciwon ake so.”

“An ce da ni in sa. Na gwada. Na kankare nan, na sassauta can. In na dawo da safe sai in ga hannuna ya gyara. Shekara hamsin ban rataya ƙofa a karkace ba, sai yanzu da furfura?”

Ya ji abin da ya faɗa. Ya dubi ƙasa.

“Wa ya sa ka?”

“Na rantse a kan ƙarfe. Ni da yarana duka.”

“Za a kori mace a kan hannunka da ya ƙi karkata.”

“Na ji.” Ya juya kurfin a hannu. “Ba zan faɗi suna ba. Amma in aka tambaye ni ko aikina ne, ban taɓa musun aikina ba.”

“Ka zo ran Lahadi.”

Har na kai ƙofa ya ce, “Cindo. Da muka ɗaga tsohon, yaro ɗaya ma zai iya ɗauka. Fata ce kawai ta rage. Amma da muka kai lungu, sai da yaran suka ce in sauke musu su huta. Suka ce yana ƙara nauyi.”

“Sawunsu bai nuna ba.”

“Na sani. Ni ma na duba.”

*

Na tare Kaitano ran Asabar, yana fitowa daga wurin aski. Tsoho ba ya tona tsoho a gaban yara sai ya ba shi hanya.

“Maigida, bakin sandarka ya tsage.”

Ya dube ta. Ya dube ni.

“Gobe ka faɗa da bakinka,” na ce. “Ni sai in yi zamana a Zango.”

“Ka san me ake kiran mutumin da kabad ɗin Papa ya mutu a hannunsa?”

“Ban sani ba.”

“Ni ma ba na so in sani. Ita yarinya ce, ba jininmu ba ce. Za ta sami wani wurin. Ban ce ita ce ba, mutane suka ce.”

“Kai kuma ka nuna mini rami.”

“Ka koma wurin shanunka,” ya ce, ya wuce. Na bi tafiyarsa da ido. Gwiwoyinsa ba sa lanƙwasawa, daga ƙugu yake jefa ƙafa.

*

Ran Lahadi bayan sun dawo coci aka taru a falo. An ɗaure kayan Afiyabi a zane biyu, an ajiye a bakin ƙofa, tiren kifi a sama. Ita tana tsaye a waje. Maƙwabta sun cika tagogi. Dosu ya zo da rigarsa ta biki, ya tsaya a lungu.

Mama Benbinda ta ce, “Mai shanu, ka sami sawun?”

“Na samu, Iya. Amma ina so a yi mini abu ɗaya. Kowa a nan ya durƙusa ya taɓa kaskon baya na hagu. Kaskon kawai, ba kabad ba.”

“Wannan wane irin tsafi ne?” in ji wata gwaggo.

“Na gwiwa.”

Rufino ya fara. Ya durƙusa, ya miƙa hannu ta ƙarƙashi, ya taɓa. Gwaggon ta yi, tana gunaguni. Aka kira Afiyabi, ta shigo da rarrafe ta taɓa ta koma. Ni ma na yi, ƙasusuwana suna ƙara, wani yaro ya yi dariya a taga.

Saura Kaitano.

“Ni ba na durƙusa wa mai bin shanu.”

“Ba ni za ka durƙusa wa ba.”

Tsohuwar ta juyo da fuskarta wajensa. “Kaitano. Na daɗe ban ji ka durƙusa a coci ba. Benci yakan yi ƙara. Na ɗauka girman kai ne ya ƙaru.”



Na ce, “Wanda ke zuba kananzir a ɗakin nan a tsaye yake zubawa, shi ya sa ya fantsama a gaba. Na baya ba a kai musu sai an durƙusa. Suka bushe. Gara ta hau ta bango ta shiga ta ƙafar baya, ta ci ciki ta bar fata. Ga hanyarta can, an kankare da bakin sanda mai tsagi. Amma wannan kabad ɗin ba ko huda ɗaya a jikinsa. Rufino, ƙwanƙwasa.”

Ya dubi baffansa, ya dubi tsohuwar. Ta ɗaga kai. Ya ƙwanƙwasa. Ya ja da baya.

“Ba shi ba ne,” ya ce a hankali.

“Dosu, aikinka ne?”

“Nawa ne. Gilashi da makulli na tsohon ne. Sauran nawa ne, kuma ba inda ya karkace.”

A taga wata ta ja numfashi.

Kaitano ya zauna a hannun kujera, ƙafafunsa a miƙe kamar itace. Da ya yi magana, yayarsa yake wa, ba mu ba.

“Shekara uku ke nan, Yaya. Na gwada ranar farko na faɗi, na kwanta a nan har na ji ana nemana, na ja jiki na kama kujera na tashi. Wa zan ce wa ya zo ya zuba? Babanmu yana da tamanin yana zubawa da kansa.”

“Babanmu ni nake zuba masa,” in ji ta. “Shekara goma. Yana tsaye a ƙofa yana gadi kada a gani.”



“Da ka tambaye ni,” ta ce. “Littattafan fa?”

“Ba ta kai gare su ba. Na kwashe da wuri.”

“Ka ceci takarda, ka ba da mutum.” Ta miƙo hannu a iska. “Ina ka sayar da shi?”

“Ban sayar ba.”

“Ka ƙona?”

“Yaya, ni zan ƙona Papa?”

Na ce, “Makullin ɗakin ƙarshen lungu yana aljihunsa.”

*

Mu biyar muka je. Tsohuwar ta ƙi hannun Rufino. Ta ce Afiyabi ta zo ta riƙe ta. Kaitano ya buɗe kwaɗon.

Ɗakin ba taga. Kaburbura uku a daɓe, da giciye a kan kowane. A kan na tsakiya aka kwantar da kabad ɗin rigingine, an rufe shi da farin zanen leshi tun daga kai har ƙafa. Akwai guntun kyandir a gefen kansa, da busassun furanni. An yi masa duk abin da suke wa babba.

Na duba daɓen kafin kowa ya taka. Ƙura ta kwanta lumui. Sawun maza huɗu sun shiga sun fita, takalmi da sanda sun shiga sun fita, ƙura ta sake rufe su. Bayan wannan ko ɓera bai wuce ba.

Tsohuwar ta shaƙi iska. “Ga shi nan,” ta ce. “Ga ƙamshinsa.”

Ta ce da ƙanenta, “Kawo kwalbar kananzir da makullin falo.” Ya ciro makullin ya sa mata a hannu. Ba ta riƙe ba. Ta lalubo hannun Afiyabi ta danƙa mata.

“Littattafansa suna cikin sabon, sai an tsare su. Kina da gwiwa?”

“Ina da ita, Mama.”

“Je ki kwance kayanki. Kuma gobe ki bi ta bakin famfo da makullin nan a wuyanki, a hankali, kowa ya gani.”

Afiyabi ta damƙe makullin har jijiyoyin hannunta suka fito.

Kaitano ya ce, “Ba jininmu ba ce, Yaya.” Muryarsa ba ƙarfi.

“Ita ta kai masa taba.”

Mun juya za mu fita. Rana ta karkata, haskenta ya shigo ta ƙofa ya kwanta a kan leshin. Sai muka ji 'yar ƙarar nan.

Ba wanda ya motsa. Ƙarƙashin zanen, ta ɓangaren hagu, wani abu ya ɗago kamar faɗin yatsu uku, ya tsaya.

Dosu ya gaya mini itace ne da zafin rana. Na yarda da shi a kan kabad da ke tsaye a jikin bango. Wannan a kwance yake, ƙofarsa tana kallon sama, kuma ɗakin da sanyi. Na sake duban daɓen. Sawunmu ne kawai.

“Ku yi shiru,” in ji tsohuwar. “Yana karatu.”

Muka fita da sanɗa. Kaitano ya kai hannu ga kwaɗon, ta ce ya bari a buɗe.

Washegari Afiyabi ta zo bakin Zango da tire a ka da makulli a wuya. Mata biyu daga unguwar Aguda suna gabana a layi. Na jira. Da ta zo kaina ta zaɓo mini babban kifi, na mayar na ɗauki irin wanda na saba. Hannunta yana warin kananzir. Na ci.